YADDA JIKOKIN MAKIYAYAN BASKAWA SUKA RIƘE RAWAR KAKANNINSU

(Jawabin da aka yi a taron ƙungiya na ƙarshen wata)



Biro ya ɗora mana nauyin jawabin wanga wata, ya kuma bar mana zaɓin magana. Mun zaɓi mu kawo maku labarin wasu mutane da ke nesa da mu ƙwarai, waɗanda ake ce ma Baskawa, da yadda suka yi suka riƙe rawar kakanninsu. Mun san wani zai ce: haba mushe, duk maganganun da ke duniya sai ta rawa? To, a yi mana haƙuri har mu kai ƙarshe. Tambayar da ke cikin maganar ita ce: ƙaƙa al'umma take miƙa ma ɗiyanta abin da ta gada, in hukuma ta takura mata, ko kuwa in neman abinci ya watsa ta cikin duniya? Mutanen ga sun gamu da duka biyun. Abin da ya taimake su kuwa ƙungiya ce, irin wadda ake biyan kuɗin wata, a share ɗaki, a zauna jiran waɗanda suka makara.

1. SU WANE NE BASKAWA?

In kuka duba taswirar Turai, wurin da Faransa ta haɗu da Ispaniya a bakin tekun Atlantika, inda duwatsun Pirene suka gangaro ruwa, nan ƙasarsu take. Ba ta da girma. Faɗinta wajen murabba'in kilomita dubu 21 ne, mutanenta kuwa wajen miliyan 3. Iyaka ta raba ta biyu. Larduna 4 suna wajen Ispaniya, su ne Bizkaia, Gipuzkoa, Araba da Nafarroa. Larduna 3 suna wajen Faransa, su ne Lapurdi, Nafarroa ta Ƙasa da Zuberoa. Cikin manyan garuruwansu akwai Bilbao, da Donostia wanda ake kuma kira San Sebastian, da Bayon a wajen Faransa.

Abin da ya bambanta su da maƙwabtansu shi ne harshe, wanda suke kira Euskara. Faransanci da Ispaniyanci uwarsu ɗaya, daga Latin suka fito. Euskara kuwa ya riga Latin zama a wurin, kuma masana sun yi ta bincike ba su samo mashi ɗan'uwa ba cikin harsunan da ake magana da su a duniya. Cikin harshen nasu mutum yana kiran kansa euskaldun, watau mai Euskara. Ke nan a wurinsu harshe ne ke ba mutum sunan ƙabilarsa. Ku riƙe wanga batu, za mu komo gare shi.

Sana'o'insu na asali noma ne da kiwo da su a teku da ƙira. Suna da wata al'ada ta gado da ya kamata mu sani, don ita ce ta kai su nesa: ba a raba gidan gona. Ɗa ɗaya ake zaɓa, namiji ko mace, ya gaje shi gaba ɗaya. Sauran sai su shiga teku, ko aikin majami'a, ko su ƙetare su nemi na kansu.

2. KOWANE GARI DA RAWARSA, KOWACE RAWA DA RANARTA

A wurin Baskawa rawa tana da gari, tana da rana, tana da masu ita. Bari mu kawo misali huɗu.

Na farko, rawar igiya. Masu rawa suna yin layi riƙe da hannun juna ko da bakin ƙyalle, su kewaya dandalin gari. Na kan gaba shi ake kira aurresku, watau hannun gaba. Yakan fito shi kaɗai ya tsaya gaban shugaban gari ko gaban macen da za a shigo da ita layi, ya cire hula, ya yi ta taku yana cilla ƙafa sama har ta kai tsawon kansa, jikinsa a miƙe. Daga nan ne aka ciro rawar girmamawa da suke yi ma amarya da ango, da babban baƙo, har da mamaci.

Na biyu, a ƙauyukan kewayen Durango cikin Bizkaia, samari 8 suke yin jerin raye-raye ranar bikin gari. Suna sa farar riga da farin wando, jar ɗamara da jar hular bere, da ƙananan ƙararrawa ɗaure a ƙwauri. Da farko guda zai kaɗa tuta bisa kawunan sauran suna durƙushe. Sa'an nan a yi ta takubba, a yi ta sanduna, a ƙarshe su ɗaga ɗayansu sama a kwance, sandare kamar wanda ya faɗi a fagen yaƙi.

Na uku, a Lekeitio, garin masunta, kowace ranar 29 ga Yuni mutum 8 suke saɓa wani babban akwati a kafaɗa, akwatin da ƙungiyar masunta take ajiye takardunta a da. Mai rawa ya hau bisa ya yi ta taku a kan murfin, ana yawo da shi cikin gari har bakin ruwa. Sunanta kaxarranka.

Na huɗu, a Zuberoa, da sanyi, samarin ƙauye guda suke shirya wasa su riƙa kai shi ƙauyukan maƙwabta kowace Lahadi. Cikin wasan akwai rawar kofi: a ajiye kofin gilashi da ruwan inabi a ƙasa, mai rawa ya yi ta kewaya shi da ƙafa, daga ƙarshe ya ɗora ƙafa bisa bakin kofin ya yi tsalle ya sauka, bai fasa ba bai zubar ba. Wanda ya fi shan wuya shi ne mai sanye da siffar doki a ƙugu, don ba ya ganin ƙafafunsa.

Abin kiɗansu na asali wata sarewa ce mai huda 3 kacal, ana ce mata txistu. Makaɗi yana busa ta da hannun hagu, ƴar ganga tana rataye a wannan hannun, yana kaɗa ta da na dama. Mutum ɗaya, busa da kiɗa. Garuruwa da yawa suna da nasu mai busa wanda hukumar gari ke biya. Daga baya akordiyo ya shigo, ya zama na raye-rayen nishaɗi da maza da mata suke yi tare.

Kun ga ke nan irin wagga rawa ba a koyonta da kallo daga nesa. Taku ne ƙidayayye, sai wani ya tsaya ya nuna maka, ya gyara maka, ka maimaita sau ɗari. Ranar da aka rasa mai nunawa, rawa ta tafi.

3. MATSIN DA TA SHA A GIDA

Tun a 1824 wani dattijo mutumin Zaldibia, Juan Ignacio Iztueta, ya ga abin yana neman sulalewa. Samari sun fara ƙyamar rawar gida, makaɗa sun koma busa waƙoƙin baƙi. Sai ya rubuta littafi cikin Euskara, ya bayyana raye-raye 36 na Gipuzkoa, a 1826 kuma ya sa aka buga muryoyin kiɗansu. Amma bai tsaya ga takarda ba. Da tsufansa ya koyar da samari, cikinsu har da wani mai suna Olano. Olano ya koya ma Pujana, Pujana ya koya ma ɗansa da sauran almajirai masu yawa. Raye-rayen Gipuzkoa da ake yi yanzu, ta wagga hanya suka biyo, ƙafa da ƙafa. Littafin ya yi amfani, amma da babu Olano da sai dai a karanta a yi ta gardama.

Harshe kuwa a lakwal ya fara shan wuya. A wajen Ispaniya malami yakan ba da zobe ga yaron da aka ji ya yi Euskara. Yaron sai ya yi ta kasa kunne ya kama wani ya miƙa mashi, wanda zoben ya ƙare a hannunsa shi ke shan horo. A wajen Faransa ma haka aka yi, da ɗan icce ko wani abu makamancinsa. Mu da muka yi lakwal ta Faransanci ba sai an fassara mana wanga ba. Shi ne sambol. Mun rataya shi a wuya, mun laɓe bayan aji muna jiran ɗan'uwanmu ya yi suɓul da baka ya yi Hausa mu sauke mashi. Mun san abin da yake shukawa cikin zuciyar yaro: ya riƙa jin kunyar maganar uwarsa. Ashe dabara ɗaya ce aka yi ma ɗiyan manoman Pirene da mu.

Mafi tsanani ya zo da yaƙin basasar Ispaniya na 1936 zuwa 1939. Ranar 26 ga Afrilu 1937, jiragen saman Jamus da na Italiya masu taya Janar Faranko yaƙi suka yi ma garin Gernika ruwan bama-bamai, ranar kasuwa. Gernika kuwa nan ne itacen da dattawansu suke taro a gindinsa tun zamanin da. Cikin wannan shekara gwamnatin Baskawa, da ta ga an ci ƙasarta, sai ta tara mawaƙa da masu rawa wajen 100 a ƙauyen Sara, cikin Faransa, ta kafa ƙungiya mai suna Eresoinka. Suka yi ta yawo Paris da London da sauran birane har 1939, don duniya ta san akwai su.

Faranko ya yi mulki har mutuwarsa a 1975. Zamaninsa an fitar da Euskara daga lakwal da ofis, an hana rubuta ma jarirai sunan gida a takardar haihuwa, an haramta tutarsu mai ja da kore da fari, ba a halatta ta ba sai a 1977. Rawa kuwa an bar ta, don hukuma ta ɗauke ta abin nishaɗi ne da ado na biki. Sai ƙungiyoyin rawa suka zama wurin da samari ke iya haɗuwa su ji sunayen abubuwa cikin harshensu. Daga shekarun 1960 wata ƙungiya ta Donostia mai suna Argia, ƙarƙashin Juan Antonio Urbeltz, ta shiga bin ƙauyuka tana neman tsofaffi, tana tambayar taku da sutura da kiɗa, tana tayar da raye-rayen da suka kwanta.

Wanga shi ne abin da ya faru a gida. Yanzu mu bi waɗanda suka fita.

4. MAKIYAYA A YAMMACIN AMURKA

Mun ce ɗa ɗaya ke gadon gida. Da yawa cikin sauran sun tafi Ajantina da Urugwai. Da aka sami zinariya a Kalifoniya a 1848 wasu suka haura can, suka tarar kiwon tumaki ya fi haƙar zinariya tabbas. Daga nan suka bazu Nebada, wajen 1890 suka shiga jihar Aidaho. Waɗanda suka zo Aidaho yawancinsu ƴan Bizkaia ne, kuma da yawa ba su taɓa kiwon babban garke ba a gida. Sun karɓi aikin ne don ba ya bukatar Turanci, kuma ƴan ƙasa ba su son shi.

Aiki ne mai wuya. Mutum ɗaya da karensa, da tumaki dubu ɗaya zuwa dubu biyu, wata da watanni cikin daji, da rani a hau duwatsu, da sanyi a gangaro fili. Kaɗaici ya sa suna sassaƙa sunayensu da na ƙauyukansu a jikin itatuwa, har yanzu ana ganin wasu. In aiki ya yi sauƙi sai su shigo gari su sauka a masaukin ƴan ƙasarsu. A birnin Boise, wanda ake furtawa Boisi, hedikwatar Aidaho, irin waɗanga masaukai suna da yawa. Nan baƙo ke sauka daga jirgin ƙasa, nan ake ajiye mashi kaya da wasiƙa, nan yake jinya, nan yake samun mata. In dare ya yi a ture tebura gefe, a ɗauko akordiyo a yi rawa. Tun 1929 suke yin babban bikin rawar makiyaya kowane watan Disamba.

Sai hanya ta toshe. Dokar Amurka ta 1924 ta rage masu shigowa daga Ispaniya zuwa mutum 131 a shekara. Dokar kiwo ta 1934 ta hana wanda ba shi da filin kansa yawo da garke a dajin gwamnati. Sababbin zuwa suka ragu, masaukai suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ɗiyan da aka haifa can suka shiga lakwal ta Turanci. Iyaye kuwa, da suka sha wulaƙanci don rashin jin Turanci, ba su matsa masu a kan Euskara ba. Ɗiya suna ji ba su mayarwa sosai, jikoki ko ji ba su yi. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Abin ya kama hanyar tabbata a kansu.

5. MACE GUDA DA SAMARI BAKWAI

A 1948 wata mata haifaffar Boise, Juanita Uberuaga Hormaechea, wadda kowa ke kira Jay, ta lura yaran ba su iya ko rawar nishaɗi da ake yi a masauki ba. Ba ta jira kowa ba. Ta nemi ɗaki, ta nemi makaɗi, ta ce ma iyaye su kawo ɗiyansu kowane mako. A 1949 ta fitar da su wasa gaban jama'ar birni a babban ɗakin taron wata lakwal. Iyayen da suka saba ɓoye asalinsu suka ga baƙi suna tafa ma ɗiyansu. Cikin wannan shekara ta 1949 Baskawan Boise suka kafa ƙungiyarsu, Euzkaldunak, suka shiga tara kuɗi da ƙarfi don gina gidan taro na kansu. Masauki ya rufe, gidan ƙungiya ya maye gurbinsa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaran da Jay ta koyar suka girma. A 1960 bakwai daga cikin samari da ƴan matan Boise suka tara guzuri suka tafi ganin ƙasar iyayensu. A Donostia suka gamu da wata ƙungiyar rawa mai suna Oinkari. Oin cikin Euskara ƙafa ke nan, oinkari kuwa mai aiki da ƙafa. Mutanen Donostia suka karɓe su, suka shigar da su wurin bita, suka koya masu raye-rayen da ba a taɓa gani a Aidaho ba. Da za su rabu suka ba su sunan, su je su kafa tasu da shi. Ku tuna shekarar: 1960 ce, Faranko yana kan mulki. Waɗanda aka takura a gida suka miƙa ajiya ga waɗanda ke da sarari a waje.

Da suka komo suka tara abokai, suka yi ta bita, iyaye mata suka ɗinka sutura: maza farare da jar ɗamara, mata jan buje mai baƙin layi a ƙasa da farin kallabi. A bikin makiyaya na Disamba 1960 suka fito karo na farko. A 1962 suka yi wasa a kasuwar baje-koli ta duniya a Siyatil, a 1964 a ta Niyu Yok. A 1985, cikar shekara 25, suka koma ƙasar kakanni suka taka rawa gaban masu ita. Ƙungiyar Donostia da ta ba su suna ta daɗe da watsewa, ta Boise kuwa ta haura shekara 60 tana nan.

6. ABIN DA KE RIƘE DA ƘUNGIYAR

Mu da ke cikin ƙungiya mun san kafawa ba ta da wuya, riƙewa ce aiki. Da muka duba, mun ga abu 5 ne suka riƙe wagga.

Na ɗaya, tsani. Akwai ƙungiyar ƙananan yara, Boiseko Gazteak, inda ake fara koyo tun yaro bai shiga lakwal ba. In ya kai wajen shekara 14 sai ya hau Oinkari. In ya yi aure ko aiki ya yi mashi yawa sai ya sauka, ya koma koyar da ƙanana ko ya kawo nasa ɗiya. Saboda haka fitar manya ba ta kashe ƙungiya.

Na biyu, makaɗi. Jimmy Jausoro, ɗan masu masauki ne a garin Nampa, an haife shi a 1920. Ya kaɗa masu akordiyo tun daga 1960 har kusan mutuwarsa a 2004, bita da wasa, fiye da shekara 40. A 1985 gwamnatin Amurka ta ba shi lambar girma da take ba masu riƙon al'adun gargajiya. Ya kuma koyar da na baya, shi ya sa kiɗa bai tsaya da tafiyarsa ba.

Na uku, wuri. Gidan ƙungiya nasu ne, ba aro ba. Kusa da shi akwai tsohon masauki da suka mayar gidan tarihi a 1985, da tsohon filin wasan ƙwallon hannu na kakanninsu, da itace da suka shuka daga irin na Gernika.

Na huɗu, kuɗi. Ba a biyan masu rawa. Kuɗin sutura da na tafiya daga guminsu yake fitowa: suna saida abinci a wuraren biki, suna karɓar abin da aka ba ƙungiya in an gayyace ta wasa.

Na biyar, rana tsayayya. Ƙarshen watan Yuli suna bikin San Inazio, Disamba suna na makiyaya. A 1987 suka ƙirƙiro babban biki mai suna Jaialdi, na farko a harabar tsohon gidan kaso na jihar. Aka sake a 1990, daga nan ya zama kowace shekara 5, yana tara dubban mutane daga Amurka da Turai da Ajantina. Na 2020 annobar korona ta hana, sai a 2025 aka yi. Yaron da ya san akwai ranar da zai fito gaban kakarsa, ba a roƙonsa zuwa bita.

7. ABIN DA RAWA TA IYA DA WANDA BA TA IYA BA

Kada mu nuna maku fuska ɗaya ta magana. Rawar da ta bar dandali ta hau dandamali ta sake kama. A Lekeitio masunta ne ke saɓa akwatin ƙungiyarsu sau ɗaya a shekara. A Boise, inda babu teku, ana iya yin ta kowane wata gaban masu kallo da ke zaune bisa kujeru. Ana haɗa rawar Bizkaia da ta Zuberoa cikin dare ɗaya, abin da a gida ba a yi. Ana gajarta mai tsawo don kada baƙi su gaji. Wasu suna cewa wanga ya zama hoto, ruhin ya tsaya can ƙauye. Wasu suna amsa masu da cewa in kiɗa ya sake dole rawa ta sake, kuma ko a gida ta sake, tun da raye-rayen da a da maza kaɗai ke yi, yanzu a garuruwa da yawa mata sun shiga. A ganinmu kowane ɓangare yana da tasa gaskiya. Abin da ya kiyaye ƴan Boise daga ɓata shi ne ba su yanke igiya da tushe ba: suna zuwa su koyo, suna gayyato masu koyarwa, kuma kowace rawa suna faɗin garin da ta fito.

Sa'an nan mu komo ga batun da muka ce ku riƙe. Euskaldun shi ne mai Euskara. To, yaron da ya iya taku 30 amma bai iya gaida kakarsa da harshenta ba, ina matsayinsa? Su kansu sun yi ma kansu wagga tambaya. Rawa ba ta maye gurbin harshe. Abin da ta yi shi ne ta riƙe yaran wuri ɗaya, ta sa sun san juna, sun auri juna, sun daina kunyar sunayensu masu wuyar faɗi. Daga cikin wanga zama ne sha'awar harshe ta sake tasowa. A 1974 jami'ar Boise ta buɗe karatu a garin Oñati, cikin Gipuzkoa, ɗalibai suka je suka shekara suna koyon Euskara a bakin masu shi. Daga wannan zumunta aka kawo rawar Oñati da ake yi cikin majami'a ranar San Inazio. A 1998 aka buɗe lakwal ta ƙananan yara a Boise inda ake koya masu Euskara. Masu jin harshen sosai har yanzu kaɗan ne cikinsu, amma ƙofa ba ta rufe ba. A gida kuwa, wajen Ispaniya, tun dokar 1979 Euskara ya zama harshen hukuma tare da Ispaniyanci a larduna 3, yana da lakwal da jarida da rediyo da talbijin. Wajen Faransa bai sami wanga matsayi ba.

8. KAMMALAWA

Iyayenmu da ƴan'uwa, in muka tattara labarin ga, sunaye kaɗan za mu gani a kowane mataki. Dattijo guda da ya rubuta ya kuma koyar. Mace guda da ta nemi ɗaki a 1948. Samari da ƴan mata bakwai da suka tara guzuri a 1960. Makaɗi guda da bai gaji da zuwa bita ba shekara 40. Bayansu akwai waɗanda ba a rubuta sunansu ba: mai ɗinka buje, mai riƙe makullin ɗaki, mai tara kuɗi, uban da ya taso daga aiki a gajiye ya kai ɗansa bita. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma sai wani ya fara sunkuyawa sauran su kama.

Abu na ƙarshe da muke so a lura da shi: Jay ta fara ne tun tsofaffin masauki suna da rai, tun akwai wanda za a tambaya. Argia ta bi ƙauyuka tun tsofaffi suna iya miƙewa su nuna taku. Da sun jinkirta shekara 20, da sun iske ƙofa rufe. Kowace al'umma tana da irin wanga ɗan lokaci, tsakanin ranar da yara suka daina koyo da ranar da na ƙarshen masu sani ya kwanta dama. Baskawan Boise sun yi aikinsu cikin wannan tsakani.

Nan muka kawo ƙarshen jawabinmu.  Wanda ke da tambaya ko gyara, ga mu.